Kafin Ku Sauya Maɓallin Agogon Gado

Ƴaƴana, a gidaje da yawa na Magarya da Dungas akwai agogon hannu kwance cikin adaka, wanda uba ko kaka ya sawo a Makka ko ya yi cinikinsa a Kano. Seiko 5 ne, ko Rado, ko West End. Sau tari injinsa lafiya lau, abin da ya tafi kawai shi ne ɗan maɓallin nan na gefe da ake murzawa a saita lokaci.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Maɓallin nan ƙofar agogo ce. A cikinsa akwai siririyar roba da ke rungumar bakin ramin, ita ke tare ƙurar hunturu da zufa da ruwan alwala. Kun dai san ƙasarmu, yashi ba ya neman izini. In robar ta bushe, ko aka sa maɓallin da bai zauna daram ba, danshi zai bi sandar da ke riƙe da shi ya kai tsatsa har cikin inji. Ranar da kuka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, ɓarna ta riga ta fara.

Mai gyara na bakin kasuwa zai zazzage gwangwaninsa ya zaɓo wanda ya yi kama. Ba mugunta ba ce, abin da ke hannunsa ke nan. Amma zaren dunƙulen sandar nan galibi bai kai milimita 1 ba, 0.9 ne, kuma ba kowane maɓalli ke hawa kansa ba. In an tilasta, zaren ya cinye. Sai a ɗiga gam, shi ke nan an rufe hanyar gyaran gaba. Araha ba ta ado.

Ku juya bayan agogon tukuna. Seiko kan buga lambobi kashi biyu a murfin: na farko, kamar 7009 ko 6309, na injin ne, na biyun kuma na gangar jiki. Da su ake neman kaya. Seiko 5, da ya fito a 1963, yawancinsa maɓallin a wajen ƙarfe 4 yake, a lafe cikin jiki don kada ya maƙale a hannun riga; in an sa masa mai tsini, kullum cikin bugewa yake har sandar ta karye.

Kamfanoni sun daina ƙera kayan tsofaffin agogo da dama, don haka na asali daga mataccen ɗan'uwansa ake cirowa. Ku rubuta lambar a takarda, ku ba mai zuwa kasuwar Dole a Damagaram, ko mai ƙetarawa ta Maigatari zuwa Sabon Garin Kano, ya tambayi tsofaffin masu gyara. Ƙila a ɗau watanni. To, mene ne? Waya na aljihunku tana faɗa muku lokaci.

In an samo, ku ce a sa sabuwar roba, don ta cikin mataccen ma ta tsufa. Tsohon maɓallin kuwa, ko ya gwigwiye, ku karɓo abinku ku ƙulle a tsumma tare da agogon. Da shi mai gyara na gaba zai gwada.