Darasi: Dafa Naman Tsohon Sa Da Itace Kaɗan

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu sukan yi watanda lokacin Kirsimeti, sau da yawa kuwa abin da ake yankawa tsohon san noma ne wanda ya gama aikinsa. Dabbar da ta yi shekaru tana jan garma namanta tauri gare shi. Uwargida takan yi ta cusa itace a murhu tun safe, dami guda ya ƙare, duk da haka tsofaffi da yara su kasa taunawa. Ga shi itace ya yi nisa, na saye kuma ya yi tsada.

Sai mu fara gane abu ɗaya. Ruwa idan ya tafasa ya kai iyakar zafinsa, wato wajen digiri 100. Ƙarin itace ba ya ƙara masa zafi, sai dai ya ƙone ruwan. Abin da ke sa nama tauri shi ne jijiya da farin tantanin nan da ke cikin tsoka. Waɗannan sukan narke a hankali idan nama ya daɗe cikin zafi, ko da tukunya ba ta tafasa. Su ne suke ba romon ƙafar sa danƙo, har ya daskare in ya huce. Saboda haka wuya da ƙirji da kafaɗa, waɗanda wasu ke ƙi ranar rabo, su suka fi daɗi a irin wannan dahuwa.

A Amurka akwai tukunyar lantarki mai suna Crock-Pot, wadda ta shiga kasuwa a 1971. Akan sa nama a ciki da safe, ya yi kamar awa 8 kan zafi kaɗan. Mu da ba mu da lantarkin da za mu dogara gare shi, kwando da ƙaiƙayi za su yi mana wannan aiki.

A sami babban kwando ko kwali. A zuba ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa, ko audugar rimi, kaurinsa ya kai faɗin tafin hannu a ƙasa da kowane gefe. A shimfiɗa tsohon zane, a bar gurbi daidai tukunya. A ɗinka matashi da irin kayan nan domin rufe sama. Lalle kome ya zama busasshe, gama jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ba ya riƙe zafi.

A yanka nama kilo 2 manya manya, kamar dunƙulen hannu. A shafe shi da gishiri, a soya cikin man gyaɗa kaɗan har bayansa ya yi ja. Kada a tsallake suyan nan, daga nan ƙanshin yake fitowa. Sa'an nan a zuba albasa, tafarnuwa, citta, daddawa da barkono, a sa ruwa ya rufe naman. A zaɓi tukunya mai kauri wadda kayan za su kusa cika ta, domin tukunyar da ke rabi takan huce da wuri. In ta tafasa a rage wuta, ta ci gaba minti 40 a rufe. Daga nan a ɗauke ta maza, kada a buɗe murfin, a sa cikin kwando, a danne da matashi. A bar ta awa 4 zuwa 5. Mai son dankali ko rogo ya sa minti 10 kafin a sauke. Kanwa kuwa ba a bukatarta, ɓata ɗanɗano kawai za ta yi.

Yanzu ga gargaɗi, muna roƙo a riƙe shi sosai. Idan zafin abinci ya sauka ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta sukan fara yaɗuwa. Kada nama ya wuce awa 6 a kwando, kada kuma ya kwana a ciki. Kullum in an fitar da tukunya, a mai da ita kan wuta ta sake tafasa sosai kafin a ci. A hana yara leƙawa, ko maigida ma, gama kowace buɗewa zafi ne yake fita.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta shirya da zumuntar mata, a haɗa kwando ɗaya a gwada kafin watanda. A dafa tukunya biyu, ɗaya kan murhu har ta nuna, ɗaya a kwando, a ƙirga itacen da kowace ta ci. Sakatare ya rubuta, ya kawo mana a taro na gaba.