Abin da Nonon Uwa Ke Yi a Hanjin Jariri

Duk ungozoma ta san kashin jaririn da ke shan nono zalla. Ruwan ɗorawa ne, mai laushi, warinsa tsami-tsami kamar na kindirmo. Da an soma ɗura masa koko ko madarar gwangwani, sai kashin ya yi duhu, ya kama ɗoyi. Wannan sauyi daga hanji yake tasowa.

A shekarar 1899 wani likita a birnin Faris, Henri Tissier, ya duba irin wannan kashi da madubin likita, ya tarar da wasu ƙwayoyin bakteriya masu rassa biyu sun cika shi maƙil. Su ne ake kira bifido a yau. Ba cuta suke kawowa ba, gadi suke yi.

To, me suke ci? Ga inda abin mamakin yake. Cikin nonon uwa akwai wani dangin sukari, iri sama da 200, wanda in an cire ruwa, shi ne na uku a yawa, bayan sukarin madara da maiƙo. Amma cikin jariri ba ya iya narkar da shi ko kaɗan. Haka yake wucewa har babban hanji, inda bifido ke jiransa. Su ci, su hayayyafa, su fitar da tsamin da ƙwayoyin gudawa ba sa jurewa. Sukarin kansa ma tarko ne: mugayen ƙwayoyi kan manne masa maimakon bangon hanji, a kasayar da su tare.

Saboda haka ya kamata jama'a su sake duba al'adar matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. Wannan kuskure ne babba. Dakashi ya fi nonon da ke biyo bayansa yawan wannan sukari, ga sinadaran rigakafi da ke shafe hanji. Haka kuma ba jariri ruwa don ana zafi, shi ma kuskure ne. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma mai tsabta, alhali na randa ko rijiya yana iya shigo da ƙwayoyin da ake gudu. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, su kuma ba sa bambanta nagari da mugu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye. Wani bincike a Suwidin a 2015 ya nuna cewa yaye, fiye da fara cin abinci, shi ke juya ƙwayoyin hanjin yaro su koma irin na manya. Muddin yana tsotso, bifido na nan da ƙarfinsu ko da yana cin tuwo.