Darasi na Bakwai: Masana'antar Semikondakta da Samar da Kalmomin Fannu

7.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda gwamnatoci ke tallafa wa masana'antar semikondakta, da kuma yadda malamin Hausa zai samo kalmomin da zai yi bayanin wannan fanni da su a aji.

7.1 Mene ne Semikondakta?

Tagulla tana barin lantarki ya ratsa ta, roba kuwa tana tare shi. Semikondakta wani sinadari ne da ke tsakanin waɗannan biyu, wanda ake iya sarrafa shi ya bar lantarki ya wuce ko ya hana shi. Wanda ya fi shahara shi ne silikon, wanda ake tacewa daga ma'adinin yashi. Da shi ake ƙera ɗan guntun da ke tafiyar da wayar salula da kwamfuta, da kuma farantin sola. Don haka duk mai waya a Dogon Daji ko Kebbe yana ɗauke da shi a aljihu.

7.2 Tallafin Gwamnati

Kafa irin wannan masana'anta yana cin biliyoyin daloli, shi ya sa gwamnatoci ke sa hannu. A shekarar 1987 aka kafa kamfanin TSMC a Taiwan, inda gwamnati ta zuba kusan rabin jarin farko. Ƙarancin waɗannan guntaye daga 2020 zuwa 2022 ya tilasta wa kamfanonin motoci da dama dakatar da aiki. A watan Agusta na 2022 Shugaba Joe Biden na Amurka ya sa hannu a dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52, daga ciki biliyan 39 don gina masana'antu. Indiya ma ta amince da shirin kimanin dala biliyan 10 a 2021. A Nijeriya, hukumar NASENI da aka kafa a 1992 ta gina masana'antar harhaɗa farantin sola a Karshi, Abuja. Sai dai harhaɗawa daban, ƙera guntun daban. Ƙasar da ta dogara da sayowa takan jira abin da masu ƙerawa suka rage mata.

7.3 Hanyoyin Samar da Kalmomi

Ɗalibin da ba shi da sunan abu a harshensa, da wuya ya fahimci amfaninsa. Malami na da hanyoyi uku:

(a) Aro da kwaskwarima. Kalmar semikondakta ta dace da tsarin gaɓar Hausa: se-mi-kon-dak-ta. Amma sunan guntun a Ingilishi yana ƙarewa da /p/, wanda Hausa kan mayar /f/, kamar a fensir da famfo. Sakamakon shi ne cif, wadda ta yi karo da cif ta Cif Joji da kuma cif mai ma'anar daidai.

(b) Faɗaɗa ma'ana. An ɗauko ƙwaƙwalwa daga jikin mutum an ba na'ura.

(c) Bayyanawa. Misali, guntun ƙwaƙwalwar na'ura. Ma'anarta a fili take, amma ta yi tsawo.

7.4 Kammalawa

Kalmar da za ta rayu ita ce wadda ta yi sauƙin furtawa, ba ta kawo ruɗani ba, kuma jama'a suka karɓe ta.

Auna Fahimta

1. Me ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi a wannan masana'anta?
2. Ziyarci mai gyaran waya a garinku, ka tattaro sunayen kayan aiki goma, ka nuna hanyar da aka bi wajen samar da kowane.