Takardar Shaidar Lalura Domin Yaran da Za Su Shiga Koleji

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, gama su iyaye kan fara zuwa wa idan yaro mai lalura ya sami shiga koleji ko jami'a.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar da ke kula da al'amuransu. Tun 2017 hukumar JAMB ta keɓe wa makafi wurare na musamman inda su ke yin jarrabawa. Saboda haka taimakon da makaranta za ta yi wa irin wannan yaro hakkinsa ne. Amma fa magatakardan makaranta bai san yaron ba, takarda kaɗai ya ke gani. Idan takardar ta gaza, yaron ne ke shan wahala.

Takardu biyu ake bukata, kada a haɗa aikinsu. Ta hakimi ita ce mai shaida cewa wane ɗan wane ne, mutumin gari kaza, an kuwa san shi da wannan lalura tun shekara kaza. Iyakarta ke nan. Sunan cuta aikin likita ne. Kada malamin hakimi ya rubuta "farfaɗiya" ko "amosanin jini" don ya ji ana faɗi a gari, balle ya rubuta "iska". Sai a tura iyaye asibitin gwamnati. Ciwon ƙashi da shan inna akwai asibitin Dala a Kano, na ido da na kunne kuwa akwai manyan asibitocinsu a Kaduna. Amosanin jini, watau sikila, gwajin jini ke tabbatar da shi, sai a haɗa da takardar gwajin.

Ga inda aka fi yin kuskure. Likita ya kan rubuta layi ɗaya, ya ce yaro yana da shan inna, ya sa hannu. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta amfani makaranta da kome ba. Abin da ta ke so ta sani shi ne me lalurar ta ke hana yaron yi. Yana iya hawa bene? Tafiyar minti nawa ya ke yi kafin ya gaji? Hannunsa yana riƙe alƙalami har awa uku? Idan aka amsa waɗannan, sa'an nan za a san a ba shi ɗaki a ƙasa, kusa da aji, ko a ƙara masa lokaci ran jarrabawa. Ko da ya ke a 2020 aka shaida cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Nijeriya, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, da yawansu kuwa yanzu su ke isa koleji.

Cutar da ba ta ganuwa ta fi wuyar sha'ani. Yarinya mai sikila za ta yi wata biyu lafiya lau, rana ɗaya sanyin hunturu ko gajiya ya tayar mata da ciwo, ta kwanta asibiti mako guda. Malamin da ya gan ta jiya tana dariya sai ya zaci lalaci ne. Lalle likita ya bayyana cewa ciwon tashi ya ke yi yana kwantawa, ya kuma faɗi abin da za a yi in ya tashi a tsakiyar jarrabawa.

Malami ya duba kafin iyaye su tafi: sunan da ke takardar ya yi daidai da na takardar JAMB harafi da harafi, da kwanan wata, da sunan likita, da hatimin asibiti. Takardar da ta daɗe a sabunta ta. A kai ta tun ranar rajista, gama wadda aka kawo bayan an faɗi jarrabawa ba safai ta ke gyara kome ba. Ta ainihi ta zauna hannun yaro, kwafi ake bayarwa.

Saura batun asiri. Iyaye da yawa suna ɓoye farfaɗiya don tsoron kada 'yarsu ta rasa miji, tsoron nan kuwa ba na banza ba ne. Kada a karanta irin wannan takarda a zaure gaban fadawa. Hakimi ya gana da uban su kaɗai, malami ya rubuta, ya rufe ambulan, ya miƙa masa hannu da hannu.