Faifan Garmahon Baba: In Sayar ko In Ajiye?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar akwatin faifan garmaho, har da na Shata da Ɗan Maraya Jos. Wani dillali yana so ya saye duka. Yaya zan gane darajarsu?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka sayar a dunƙule. Dillali kan biya kuɗin tarkace ne ya tsinci mai tsada a ciki.

Ɗauki kowane faifai ta gefe, ka karkata shi a hasken taga. Karcen da farcenka ya ji, kunne ma zai ji shi, kuma yana karya farashi sosai. Ɗora shi a kan tebur ka ga ko ya kwanta daidai. In zafi ya lanƙwasa shi, allura za ta riƙa tsalle. Faya-fayai masu nauyi da ke zagaye 78 a minti kuwa fashewa suke yi, a bi su a hankali. Kwalin asali ma kuɗi ne, ko ya tsufa.

Duba lambar da ke tsakiyar faifan, ka nemi irinsa a shafin intanet na Discogs ka ga nawa aka saya. Kafin ka sayar, jera faya-fayan a tsaye, nesa da rana da ƙura.