Wasa Ne, Amma Zuciya Ba Ta Ɗauke Shi Wasa Ba

Koken iyaye a kan wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem, yawanci bai wuce biyu ba: ɓata lokaci da harbe-harbe. Akwai na uku da ba a cika lura da shi ba. Yaro ya ajiye waya ko ya kashe kwamfuta, sai ka ga ya yi tagumi, abinci ma sai an matsa masa. Ka tambaye shi, ya ce ba komai. Ba cinye shi aka yi ba. Wasan ne ya sa shi a tsaka mai wuya, ya zaɓi abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, yanzu kuma abin yana cin sa.

Wanda bai taɓa ganin irin waɗannan wasanni ba zai yi mamaki, don haka bari mu duba guda ɗaya da kyau. This War of Mine ya fito a 2014 daga kamfanin 11 bit studios na ƙasar Folan, an kuma gina shi a kan ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. A cikinsa kai ba soja ba ne. Fararen hula kake riƙe da su a wani rusasshen gida. Da rana ana laɓewa saboda maharba, da dare mutum ɗaya ya fita neman abinci da magani. Wani dare sai ka isa gidan wani tsoho da matarsa. Ba su da makami. Suna da abinci, suna da magani, naka mutumin kuma yana kwance a gida rai a hannun Allah. Idan ka fara kwasa, tsohon ba zai iya hana ka ba, sai dai ya riƙa bin ka ɗaki zuwa ɗaki yana roƙo. Ka dawo gida da kaya, amma mutanenka su shiga baƙin ciki, wani ya kasa tashi ya yi aiki, wanda abin ya yi wa yawa har yana iya halaka kansa. Gwamnatin Folan ta ga darasin da ke ciki, a 2020 ta sanar da sa shi cikin jerin abubuwan da manyan ɗaliban sakandare za su iya nazarta.

Ba shi kaɗai ba ne. A Papers, Please na Lucas Pope, wanda ya fito a 2013, kai ne jami'in duba fasfo a kan iyaka. Miji ya wuce da cikakkun takardu, matarsa na biye da shi nata ba su cika ba. In ka tausaya mata, kuskure ne a ofis, kuskure kuma in ya taru tara ce, ga iyali a gida suna jiran kuɗin abinci. A The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, akwai inda ake miƙa maka abinci kashi huɗu ka raba wa mutum goma masu yunwa, ciki har da yara.

Me ya sa wannan ke taɓa zuciya fiye da fim? Mai kallon fim shaida ne kawai. Ya ga mugu, ya yi Allah wadai, ya tashi hannunsa a wanke. A wasa kuwa yatsanka ne ya danna. Hankali ya san zane ne, amma tausayi da kunya sukan riga hankali motsawa. A 2012 Andrew Weaver da Nicky Lewis na Jami'ar Indiyana sun sa mutane buga Fallout 3, suka tarar akasarinsu suna mu'amala da mutanen cikin wasan kamar yadda za su yi da mutanen gaske, waɗanda suka yi mugunta kuma sun fi jin laifi. A 2014 Matthew Grizzard na Jami'ar Bafalo da abokan aikinsa suka sa wasu su buga wani wasan a matsayin ɗan ta'adda, wasu a matsayin sojan Majalisar Ɗinkin Duniya. Na farkon sun ji laifi, kuma jin laifin ya tafi tare da ƙarin kula da batun tausayi da adalci.

To, ga hukuncina a matsayin mai ba da shawara: yaron da ya yi tagumi bayan ya sace maganin tsohuwa a wasa, zuciyarsa da rai. Ba shi ne ya fi damuna ba. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya daina jin komai. Grizzard ɗin nan ya sake wani gwaji daga baya, inda mutane suka yi ta maimaita wasa ɗaya kwana da kwanaki, aka ga jin laifin yana raguwa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya daɗe da bayyana hanyoyin da mutum ke bi ya kashe muryar zuciyarsa: ya ce umarni aka ba shi, ya ce su suka ja wa kansu, ya daina kallon wanda aka cuta a matsayin mutum. Wasanni da yawa sukan shirya maka waɗannan uzurori tun kafin ka nema. Wannan ba ya nufin yaronka zai zama mai kisa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta faɗa a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar ɗora aikata ta'asa a kan wasan bidiyo. Sabo ne abin lura, domin shi ke mayar da abin ƙyama ya zama ba komai.

Ku iyaye, kada ƙwace waya ya zama matakin farko. In kun ƙwace, zai je gidan gem ko wurin aboki ya ci gaba, abin da kuka rasa kawai shi ne bakinsa. Ku fara da duba shekarun da aka rubuta a jikin wasan. Tsarin PEGI na Turai yana da 3, 7, 12, 16 da 18, na Amurka kuma in ya sa harafin M yana nufin daga shekara 17. This War of Mine na 'yan 18 ne, kuma yana nan a wayoyin hannu. Duk darasin da ke cikinsa, bai dace da ɗan shekara goma sha biyu ba, kada kuma a ji nauyin faɗa masa haka.

Idan kuwa ya kai shekarun, ku zauna ku ji labari. "Me ya faru a ciki? Me ka zaɓa? Me ya sa?" Uba ya tambaya da sigar mai son sani, ba ta alƙali ba. Kada a ce masa "haba, a kan zane kake wannan damuwa?" Wannan kalma tana koya masa cewa tausayi abin kunya ne, alhali shi muke wahalar shukawa tun yana goye. Akwai ma riba babba a nan. Tambayar ko mai yunwa zai taɓa kayan wani, da iyakar abin da lalura ke halattawa, malamanmu sun tattauna ta tun ƙarnoni. Saurayin da ya tsaya a gaban wannan tsoho cikin dare zai saurari wannan bahasi da kunnen da bai taɓa saurarar sa da shi ba.

Kai kuma mai buga wasan, a zagayen farko ka zaɓi abin da kai da kanka za ka zaɓa, kada ka fara leƙa intanet neman amsar da ta fi riba. In zaɓin ya yi maka nauyi, ka dakata, ka fita ka sha iska, ka ba wani labari. Ka kuma tambayi kanka ko da gaske an ba ka zaɓi. A Spec Ops: The Line na 2012 akwai inda ake ƙona fararen hula da makami mai guba, kuma babu hanyar ci gaba da wasan sai ta nan. Wannan nauyi na waɗanda suka tsara shi ne, da gangan suka ɗora maka. In kuma ka wayi gari abin da ya taɓa girgiza ka ya zama abin dariya, ka huta da irin wasan na ɗan lokaci.

Akwai waɗanda shawarata gare su ta bambanta. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, a Borno ko Zamfara ko Difa ko wani wuri, labarin ɓuya da yunwa da zaɓen wanda za a ceta ba ƙage ba ne a wurinsa, kuma wasa irin wannan yana iya fama masa tsohon miki. Gara ya kauce masa. Idan bayan wasa aka ga mafarkai masu firgitarwa, rashin barci, faɗuwar gaba ko janyewa daga mutane, kuma abin ya ɗauki makonni bai lafa ba, a kai shi asibiti a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, a kuma gaya wa likita abin da ya gani a baya, ba wasan kaɗai ba.