Darasi: Juji Da Cikin Saniya

Darasinmu na yau a kan sharar gida ne, wadda ake fitarwa kullum safiya a watsa bayan gari, daidai inda dabbobinmu ke bi.

Lokacin da muke yara, jujin ƙauye toka ne da ƙaiƙayi da kashin awaki. Kafin damina a kwashe shi a mangala a kai gona. Yanzu leda ta shiga ciki. Ita saniya ba ta tsince-tsince, da harshe take naɗo abu ta haɗiye, balle ledar da aka ƙulla gishiri ko ƙosai, ga kuma yunwar rani. Leda ba ta narkewa. Zama take a tumbi tana cuɗewa, dabba na ci tana ramewa. Ni kaina na taɓa sayen wani bijimi, na ɗauka tsutsar ciki ce, na yi ta ɗura masa magani wata biyu. Da mahauci ya farke shi, sai ga leda ta murɗe kamar igiya. Ko uwar kuɗina ban mayar ba.

Hukumomi sun yi doka. Nijar ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita a 2014, Kamaru ma a shekarar hanin nata ya fara aiki, Njamena kuwa tun 2010 ta matsa. Amma kowa ya shiga kasuwa ya ga yadda ake ciki.

Don haka gyaran daga gida ne. Toka da ɓawo da ragowar tuwo su ne na juji. Gwangwani da ƙarfe da tsohuwar roba a tara wa 'yan gwangwan, kuɗi ne. Ƙusa da guntun waya kada su kwana a ƙasa, don in saniya ta haɗiye suna iya huda ciki har su taɓa zuciya. Tsohon batirin mota akwai darma a ciki, maraƙi ya lasa sai makanta ko mutuwa. Leda kuwa a tara ta a buhu a binne da zurfi, nesa da rijiya da burtali. Kwalbar maganin dabba ma haka, kada yara su mai da ita ta shan ruwa.

A kara kuma, in ka ga dabba ƙashi a waje amma ciki tulu, danna ɓangaren hagu da dunƙulen hannu. In ka ji tauri, tambayi mai ita inda ta yi kiwo kafin ka taya.